Yadda ake zaɓar kayan wasan wuta da kunna su a Damagaram ba tare da an tayar da gobara ba

Da zarar Disamba ta kama, ko Sallah ta matso, sai kayan wasan wuta su fito a kantuna da teburan ƴan kasuwa: petar na yara, sandunan tartsatsi, da manyan akwatunan nan masu harba launuka sama. Masu biki ma sun fara sa su cikin lissafi, musamman daren kai amarya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne lokacin da aka fi kunna su, tsakanin bikin 18 ga Disamba da daren sabuwar shekara, lokaci ne da garin yake a bushe ƙwarai. Iskar hunturu na kaɗawa, harawa da kara suna jibge a kan soraye, zana ta bushe ƙayau. Yawancin ɓarnar da kayan nan ke yi tun kafin a ƙyasta ashana ake shirya ta, wato a wurin saye, da ɗakin da kayan suka kwana, da inda aka dasa su.

Abin da ke cikin bututun

Kowane ɗigon haske da kake gani yana faɗowa daga sama ƙwaya ce busasshiya da ba ta wuce kan yatsa ba, masu sana'ar suna kiranta tauraro. Launinta daga gishirin ƙarfen da aka sa mata yake fitowa. Sitirontiyom ke ba da ja, bariyom kore, sodiyom rawaya, jan ƙarfe kuma shuɗi, wanda ya fi sauran wuyar samu da kyau. Farin haske mai kashe ido na aluminiyom ne ko magnesiyom. Albarushi shi ne tushen sana'ar, a ƙasar Sin aka gano shi wajen ƙarni na 9, kuma har yau garin Liuyang da ke lardin Hunan na cikin manyan wuraren da ake ƙera kayan nan a duniya. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne, domin a ƙarni na 19 Sarki Tanimu ya sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birnin Damagaram.

Sai dai haɗin da ke ba da launi ba ya kama wuta da sauƙi. Lokacin da ƙunshin ya fashe a sama, harshen wutar yana lasar taurarin ne na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sannan ya watsa su da gudu cikin iska mai sanyi. Shi ya sa a masana'anta ake yi wa kowane tauraro wani shafe siriri a baya, mai saurin kamawa, wanda zai riƙe wutar ya miƙa ta ga launin da ke ciki. Kamar mai hura gawayi ne: ba ya ɗora ashana a kan gawayin kai tsaye, sai ya sa ƴan kara sun kama tukun. Taurarin da suka fi taurin kai har shafe biyu ake yi musu, na waje mai saurin kamawa, na ciki mai zafi sosai.

Wannan shafen shi ne mafi rauni a cikin kayan gaba ɗaya. Laima tana kashe shi, jijjiga da faɗuwa suna ɓare shi. In ya lalace, abu biyu ke faruwa: ko dai tauraron ya ƙi kamawa ya faɗo ƙasa da ƙarfinsa a cikinsa, yaro ko akuya su tsince shi da safe, ko kuma ya kama a makare, yana dab da sauka a kan rufin wani. Duk matakan da ke tafe, in ka duba, kare wannan shafen ne da kuma shirin abin da za a yi in ya gaza.

Kuma saboda shi ne nake cewa kada kowa ya farke kayan nan don ya haɗa nasa. Zaɓen shafen da ya dace da kowane tauraro aikin masana ne, domin akwai sinadaran da in suka haɗu ɗan gogayya ya isa ya tayar da su, akwai waɗanda in laima ta taɓa su sukan ɗau zafi da kansu a ma'aji. A masana'anta ɗakuna daban-daban ake ware musu, ana kuma sarrafa damshin iskar wurin. A hunturun Damagaram kuwa, inda in ka cire rigar sanyi cikin duhu kana ganin tartsatsi a jikinta, wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna garin albarushin da aka zazzage a faranti. Samarin da ke tara garin petar su ɗura a kwalba ko bututun ƙarfe ba wasan wuta suke yi ba, abin da zai tsinke musu yatsu suke haɗawa.

Kafin ka fitar da ko dala

Fara da zuwa komisariya da meri ka faɗi abin da kake son yi, da rana da wuri. Hukuma kan hana harba irin waɗannan kaya a wasu lokuta, kuma a halin tsaron da ake ciki ƙarar fashewa cikin dare ba abin da za a bar jami'an tsaro su yi ta hasashe a kansa ba ne. In an ce a'a, magana ta ƙare, kuɗinka na aljihunka.

In an yarda, sai mai unguwa da maƙwabta. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Maƙwabcinka shi ya san abin da ya ajiye a bayan katangarsa. Ka same shi ka ce, “Malam, in Allah ya kai mu daren Asabar za mu kunna wasan wuta a filin nan bayan isha'i, ko akwai abin da ya kamata mu sani?” A nan za ka ji cewa akwai jarkokin fetur a zaure, ko Hajiya ba ta da lafiya, ko an ɗaure doki a bayan gida. Dabbobi suna firgita da ƙarar nan ƙwarai, rago kan tsinke igiya, doki kan ji wa kansa ciwo a turke.

Zaɓen kaya

Ɗauki kwalin ka juya shi, ka karanta kafin ka tambayi kuɗi. Kayan da aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da alamar CE da kuma aji, bisa dokar Tarayyar Turai ta 2013. Ajin F1 shi ne ƙanana masu ƙarancin haɗari, tazararsu aƙalla mita 1. F2 na waje ne, a ɗan fili, tazara aƙalla mita 8. F3 na babban fili ne, aƙalla mita 15, wasu kwalayen ma 25 suke rubutawa. F4 na ƙwararru ne kawai, kuma in ka ga ana sayar da shi a tebur, ka wuce. A can Turai ba a sayar wa wanda bai kai shekara 12 ba F1, F2 sai ɗan 16, F3 sai ɗan 18. Ba dokar ƙasarmu ba ce, amma ma'auni ne mai kyau ga uban da yaro ya dame shi da roƙo. Wasu kwalayen kuma za ka ga 1.4G ko 1.3G a jikinsu. Wannan lambar sufuri ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma 1.3G ya fi haɗari.

Yawancin abin da ke isowa kasuwanninmu ba shi da waɗannan alamomi duka, wani ma rubutun Sinanci ne zalla. To aƙalla ka nemi kwalin da ke da sunan masana'anta, da zanen yadda ake kunnawa, da tazara a rubuce. Wanda aka ƙulla a leda babu suna babu komai, na gida ne ko na kwance, ka bar shi.

Sai duba jikin kayan. Kwalin da ya yi taushi, ko ya kumbura, ko yake da tabon ruwa, ya sha damina a sito, kuma ko ya bushe daga baya shafen taurarinsa ba ya komawa yadda yake. Wani mai kanti zai ce maka an shanya shi ai. Shanya ba ta gyara shi. Girgiza kwalin a hankali kusa da kunne: in ka ji gari na zuba a ciki, ko ka ga baƙin gari a gindinsa, wani abu ya fashe. Dubi lagwanin, ya zama a manne, da murfinsa, ba a karye ba. Dubi gindin bututun, ya zama a toshe da kyau. Sannan ka dubi inda mai kayan ya baje su. Wanda ya shanya su a rana tsaka kusa da mai suyar ƙosai bai san abin da yake sayarwa ba.

A ganina, ga bikin cikin gari, masu feshin tartsatsi daga ƙasa da ƙananan akwatuna na F2 sun wadatar. Roka mai sanda kuwa ban ga dalilin sayenta ba ga wanda ke zaune a Birni ko Zango, inda gidaje ke manne da juna. Ba ta da alƙibla, sandarta tana faɗowa da zafi inda ta ga dama, kuma tana da wata ɗabi'a da mutane ba su sani ba: iska na tura wutsiyarta, sai kanta ya juya ya fuskanci inda iskar ke fitowa, wato daidai inda ake tsayar da ƴan kallo don hayaƙi ya yi nesa da su.

Ajiya

Ka saya dab da ranar, kada kayan su daɗe a hannunka. A hanya kada a cusa su cikin aljihu, kada a ɗaure su kusa da salansar babur. A gida, akwatin katako mai murfi ko kwalinsu na asali, a ɗaki mai sanyi da bushewa, a ɗora a sama ba a ƙasa ba, nesa da madafa da tukunyar gas da fetur, kuma a kulle saboda yara. Ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, ba wurin ajiyarsu ba ne, haka ma cikin motar da aka bari a rana. Kada a kwana da su a ɗaki ɗaya, balle inda ake turaren wuta ko kunna maganin sauro.

Ƴan kasuwa su ne ya kamata su fi jin wannan. Kwali ɗaya in ya kama abin tsoro ne, sito guda kuwa bala'i ne. Ranar 13 ga Mayu 2000 wani ma'ajin kayan wasan wuta ya tashi a garin Enschede na ƙasar Holan, mutum 23 suka mutu, unguwa guda ta rushe. A Legas ma, ranar 26 ga Disamba 2012, irin wannan sito ya kama a Jankara, wutar ta ci gine-ginen da ke kewaye.

Fili da iska

Je ka ga wurin da rana, ba da dare ba. Kana neman fili mai yashi, babu busasshiyar ciyawa, babu wayar lantarki ko reshen bishiya a sama. Ɗaga kai ka dubi rufin gidajen da ke kewaye: harawa, kara, tsummokara, rumfar zana. Dubi bakin titi ko akwai mai sayar da fetur a kwalabe. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya sa a canja wuri.

Auna tazarar da taku, babban taku ɗaya wajen mita ɗaya ne, kuma ka ninka abin da kwali ya ce in fili ya ba ka dama. Ja layi a ƙasa, ka sa babban mutum mai faɗa a ji ya tsare shi, domin yaran unguwa za su zo ko ba a gayyace su ba, kuma gaba suke matsowa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Saboda haka ƴan kallo su tsaya iska na bugun bayansu, hayaƙi da tarkace su tafi gaba, wajen kudu maso yamma, kuma can ɗin ne ya kamata ya zama fili fetal mai nisa, ya fi tazarar ƴan kallo tsawo. Ɗebi yashi ka watsa sama dab da farawa ka ga inda ya nufa, don iska kan juya da dare. In tana kaɗa riguna da ƙarfi, a ɗage zuwa gobe. Amarya ba za ta fasa tarewa don ba a harba wuta ba.

Dasa kaya da kunnawa

Akwatin da ke harbi sau da yawa a jere yana girgiza, kuma in ya kife zai ci gaba da harbi a kwance, cikin mutane. Wannan shi ne haɗarin da ya fi yawa da irinsa. Ka haƙa ɗan rami ka binne gindinsa cikin yashi, ko ka tokare shi da bulo ta kowane gefe, ka bar bakinsa da lagwaninsa a buɗe. Kada a ɗora shi a kan dutse ko tebur ko rufin mota. Bututu mai tofo ƙwallayen wuta ɗaya bayan ɗaya shi ma binne shi ake yi zuwa rabi, ba riƙewa a hannu ba, ko da kuwa ka ga ana yi a bidiyon waya.

Tanadi bokiti biyu na ruwa da ɗaya na yashi kusa da wurin, da kuma jarka guda ta ruwa mai tsabta da ba za a taɓa ba sai in wani ya ƙone. Kada ka dogara da famfo a daren, ka sa mai garuwa ya kawo tun la'asar.

Mutum ɗaya ne ke kunnawa, babba, mai hankali a jikinsa. Ya cire babbar riga da rawani, ya sa kayan auduga masu kama jiki da takalmi rufaffe. Yadin roba da leshi in wuta ta taɓa su narkewa suke yi su manne a fata, wannan kuma ya shafi mayafan mata da ke tsaye kusa. In da gilashin kare ido irin na masu aikin ƙarfe, ya sa. Ya karanta kwali da tocila, ba da ashana ba. Sauran kayan da ba a kai gare su ba su zauna a rufe, can gefen da iska ke fitowa.

A kunna ɗaya bayan ɗaya. Doguwar sandar turare mai ci ta fi ashana, domin tana ba da tazara kuma iska ba ta kashe ta. Ka tsuguna a gefe, ka miƙa hannu iyakar tsawonsa, ka taɓa ƙarshen lagwani, kada kanka ko kafaɗarka su taɓa kasancewa a saman bututun. Da ya kama, ka juya ka tafi bayan layi da sauri, ba tare da ka tsaya ganin ko ya ci ba.

Sandunan tartsatsi da ake miƙa wa yara kamar alewa suna ci da zafin da ya haura digiri 1000, kuma wayar tana nan da zafi bayan hasken ya mutu. Ƙaramin yaro kada a ba shi. Wanda ya yi wayo ya riƙe ɗaya tak, hannu a miƙe, a tsaye ba da gudu ba, in ta ƙare ya jefa ta cikin bokitin ruwa, domin yawancin yaranmu ba takalmi suke yawo da dare.

Wanda ya ƙi tashi

A nan ne ake rasa ido. An kunna, lagwani ya ci, shiru. Sai wani ya je ya leƙa bakin bututu. Wuta tana iya yin mintuna tana ci a ɓoye cikin takarda kafin ta isa ga albarushi. Kada kowa ya matsa sai an yi aƙalla minti 20 da agogo. Bayan haka a kwara masa ruwa daga nesa, a ɗauke shi da shebur a nutsa cikin bokiti ya kwana. Ba a sake kunna shi, ba a farke shi a ga abin da ya hana, ba a jefa shi cikin wutar shara. Akwatin da ya yi harbi ya tsaya shi ma a ɗauka akwai sauran bututun da bai tashi ba.

Kafin a watse, a zagaya da tocila gefen da iska ta nufa, a duba rufi da gindin zana. Garwashi a cikin harawa yana iya ɗaukar lokaci yana hayaƙi kafin ya zama harshe. Da asuba kuma, kafin yara da awaki su fito, a share filin. Duk wata ƙwaya baƙa ko toka-toka da aka gani a ƙasa tauraron da bai kama ba ne, a jefa ta cikin ruwa. Gishirin bariyom guba ne in an haɗiye shi, don haka ruwan da aka jiƙa kayan a ciki kada a zuba shi inda dabbobi ke sha ko kusa da rijiya, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

In an ji ciwo

Ƙuna ruwa take so, mai sanyi ba ƙanƙara ba, ana zubawa a hankali har minti 20. A cire zobe da agogo da warwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a bar ta. Kada a shafa man goge baki, ko man shanu, ko ƙwai, ko toka, duk suna riƙe zafi ko su sa ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su kafin a yi magani. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko kuma yaro ne, a tafi asibiti a daren.

Ido kuwa dabam ne. Kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige, kada a ɗiga komai. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon don kada wani abu ya taɓa shi, a ɗaure a hankali, a nufi babban asibitin Zinder kai tsaye. In tufar mutum ta kama, a kayar da shi ƙasa a mirgina shi cikin yashi ko a lulluɓe shi da bargo, kada a bar shi ya ruga. Lambar masu kashe gobara 18 ce, ta ƴan sanda 17, kuma a kira tun wutar tana ƙarama, a kuma tura yaro bakin babban titi ya nuna wa motar lungun da za ta shiga.